Cibiyoyin buɗa-baki na unguwa a Kano: an iya girki, rabon ne da saura

Daga tsakiyar Sha'aban saƙonnin neman gudummawa suke fara yawo a WhatsApp: ƙungiyar matasan unguwa kaza ko kwamitin masallaci kaza za su ciyar da mabuƙata har ƙarshen azumi, ga lambar asusu. Ba manyan cibiyoyin da gwamnatin jiha take buɗewa ake nufi a nan ba. Ƙananan nan ne na sa-kai, waɗanda ake kafa wa murhu a harabar Islamiyya ko a kangon wani bawan Allah, ana ciyar da mutum 200 zuwa 400 kullum. Duk wanda zai ba su kuɗinsa ko ƙarfinsa ya kamata ya san yadda aikin yake tafiya daga kasuwa har zuwa hannun mai ci.

Ta fuskar girki ba su da matsala sosai. Matan da suke riƙe da tukwanen yawancinsu sun saba da girkin biki da na suna, ba a koya musu yawan gishiri. Inda ake samun tangarɗa wuri uku ne: lokacin da ake sauke abincin, yadda ake raba shi, da yadda aikin yake yin sanyi tun watan bai ƙare ba.

Lissafin mutum 300

Buhun shinkafa mai kilo 50, wato kwano 20 ko ƙasa da haka kaɗan a awon Kano, yana ciyar da mutum 300 idan kowa zai samu kimanin giram 165 na ɗanya. In ta dahu takan kusa ninka nauyinta uku, ta cika robar tekawe daidai cikin baligi mai azumi. Cibiyar da ta ce tana fitar da roba 500 daga buhu ɗaya, to rabin ciki take bayarwa. Watan duka buhu 29 ne ko 30. Wannan shi ne lissafin farko da mai ba da gudummawa zai yi a ransa idan an gaya masa adadin da ake ciyarwa.

Dafa-duka ta buhu ɗaya takan sha man gyaɗa lita 8 zuwa 10, don haka jarka mai lita 25 da ƙyar take kai kwana uku. Kuma kada a zuba buhun duka a tukunya biyu don a rage itace. Babbar tukunyar biki in ta wuce kwano biyar, ƙasa yakan kama alhali sama bai gama dahuwa ba, in an juya da ƙarfi ta caɓe. Tukunya huɗu, kwano biyar-biyar, a janye itacen da zarar ruwa ya tsotse a bar garwashi ya ƙarasa turara ta. Ƙaurin da ake ji a abincin sadaka kusan kullum daga nan yake, ba daga rashin iyawa ba.

Garau-garau ta fi dafa-duka sauƙin sarrafawa, ta kuma fi riƙe ciki: kashi biyu shinkafa, kashi ɗaya wake, a fara ɗora waken ya yi laushi kafin a zuba shinkafar, mai da yaji a ƙulla su daban. Ba ta neman tumatur, ga shi ba ta saurin canza ɗanɗano kamar abinci mai miya. Cibiyoyin da suka san aiki sukan yi ta sau uku ko huɗu a mako.

Nama shi ne abin da ya fi jawo rigima. Kilo ɗaya yakan ba da ƙananan yanka 20 zuwa 25, mutum 300 ke nan suna buƙatar kilo 12 zuwa 15, kuma ba a taɓa samun yankan ya zo daidai da ƙirgen ba: wani ya narke a tukunya, wani ya bi hannu. Dafaffen ƙwai ya fi shi tsabtar lissafi. Kiret 10, ƙwai 300, in ɗaya ya ɓata kowa ya gani.

Kunu da ƙosai su ne ainihin buɗa-bakin, su ne kuma suka fi cin hannu. Kwanon gero ɗaya yana ba da kunu wajen lita 20, kofi babba-babba na mutum 50 ke nan. Kwano shida ya ishi mutum 300, buhu mai kwano 40 kuma ya kusa kai mako. Kunun tsamiya yana tsinkewa ne idan ruwan da aka sheƙa bai tafasa sosai ba, ko an dama garin da ruwan tsamiya mai yawa har ya kashe zafin, ko kuma an riƙa mayar da ludayin da aka sha da shi cikin baho. A manyan mazubai abin da ya fi aminci shi ne a dama kashi-kashi, kwano biyu-biyu, maimakon a haɗa lita 120 a lokaci ɗaya ana fatan ya kama.

Ƙosai uku-uku ga mutum 300 guda 900 ne, wake kwano biyar zuwa shida. Kasko mai ɗaukar 40 a zubi ɗaya, kowane zubi minti shida, zai ci fiye da awa biyu, don haka kasko biyu ake bukata, da mata biyu masu suya da mai buga ƙullu. Gishiri ana sa shi ne a ɗan abin da za a soya yanzu, ba a bahon duka ba, domin yana kwantar da ƙullun, ƙosan ya fito a daskare yana shan mai. A kuma kai markaɗe sau biyu. Ƙullun da aka markaɗo da hantsi in ya jira la'asar a zafin Kano ya yi tsami.

Sauran ƙananan kaya ne amma suna da nauyi a aljihu: ruwan leda biyu-biyu guda 600 ne, jaka 30 kullum tunda kowace jaka 20 ce, dabino uku-uku wajen kilo 7, sai robobi da cokula da leda, waɗanda ba a ci amma kullum sai an saya. Cibiyar da ta yi sayayyar gero da wake a kasuwar Dawanau, shinkafa da mai da sukari a kasuwar Singa, tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, ta fi wadda take aika yaro kanti kowace safiya nesa ba kusa ba. Kayan miya ne kaɗai ake ɗaukowa daga kasuwar Yankaba duk bayan kwana biyu ko uku.

Awa biyar a cikin roba

A nan ne babban aibin yake, kuma ba a cika ganin sa ba saboda wanda cikinsa ya ɓaci ba ya dawowa ya kai ƙara. Masu girki suna da gidajensu, suna so su gama su je su ɗora nasu. Sai a hura wuta da hantsi, a sauke da azahar, a zuba a robobi a rufe a jibge a ɗaki. Magariba kuwa sai wajen 6:30 da 'yan mintuna. Shinkafar ta yi awa biyar ke nan tana gumi a cikin roba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma ɗakin ajiya a Kano, ko da bazara ko da hunturu, yana cikin wannan tsakanin. Shinkafa tana da nata haɗarin na daban: akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus wadda irinta yake tsira daga dahuwa, in abinci ya huce ya daɗe sai ta tsiro ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Abincin ba lallai ya yi wari ba. Sai dai bayan tarawihi mutum ya kama amai, a ce ai shan ruwan sanyi ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi, tsari yake so. A ƙirga daga magariba a yo baya. Rabo da ƙarfe 5:30, zubi daga 4:30, sauke tukunya 4:00, ɗora ta wajen 2:30. In dole sai an sauke da wuri, a juye ta da zafinta cikin manyan kuloli a rufe, kada a buɗe sai lokacin zubi. Zubin kansa bai kamata ya ɗauki lokaci ba idan an jera: mai miƙo roba, mai zuba shinkafa, mai sa ƙwai, mai rufewa, mai jerawa goma-goma, mai ƙirgawa. A daƙiƙa goma kowace roba, minti 50 an gama 300. Mai zubawa ya riƙe ma'auni ɗaya daga farko har ƙarshe. In aka bar shi da ƙiyasin ido, robobin farko sukan yi tozo, na ƙarshe kuma a riƙa kankaro ƙanzo ana cikawa.

Ruwan girki da na wanke-wanke yawanci daga 'yan garuwa ake saye. Wanda za a tafasa ba damuwa, amma wanda za a dama zoɓo ko a wanke kabeji da latas da shi, shi ne abin tsoro a garin da ya san annobar amai da gudawa. Cibiyar da ba ta da tabbacin ruwanta gara ta haƙura da ɗanyen ganye gaba ɗaya. Buta da sabulu a bakin wurin zubi, kuma duk mai gudawa ko gyambo a hannu a ba shi aikin itace ko shara har ya warke, ko da kuwa shi ne shugaban kwamiti.

Wa yake samu

Layi a ƙofar cibiya yana tace mutane, amma ba da ma'aunin buƙata ba. Mai ƙarfin ƙafa da kafaɗa shi yake kaiwa gaba: samari, almajirai manya, masu sana'ar da suka tashi daga aiki. Wasu sukan karɓa a nan su zaga wata cibiyar, har a ga roba tana komawa kasuwa. Wadda take takaba ba za ta fito ba. Tsohon da ƙafa ta ƙi ba zai iya tsayuwar awa guda ba. Magidancin da albashinsa ya ƙare ran goma ga wata, yana sanye da wankakkiyar riga, ya gwammace ya sha ruwa da gaya da dai maƙwabta su gan shi a layi. Irin waɗannan ne Alƙur'ani ya siffanta a Suratul Baƙara da cewa wanda bai san su ba yakan zaci mawadata ne saboda kamun kansu. Cibiyar da rabonta duka a bakin ƙofa yake ba ta taɓa isa gare su.

Waɗanda suka fi burgewa su ne masu raba abincin kashi biyu. Kaso mafi yawa ana kai shi gida-gida bisa jerin sunayen da aka tsara tun kafin azumi, tare da mai unguwa da liman, da kuma mata irin su malamar Islamiyya da ungozoma, domin su ne suke shiga cikin gidaje suna ganin murhun da ba a hura ba. Yaro ɗaya da kula a kan babur ko baro yana iya ɗaukar layi guda, ya yi sallama ya miƙa ya wuce, ba tsayawa jiran godiya. Ragowar sai a bar wa masu wucewa da matafiya, ko a kai wa masu jinya a asibiti irin na Murtala, inda mutanen ƙauye suke kwana a baranda ba su da wurin girki. A nan ma sai an nemi izinin hukumar asibitin, kuma abincin na masu jinya ne. Marar lafiya yana iya zama an hana shi gishiri ko sukari.

In kuwa sai an yi layi, to a ɗauke shi da muhimmancin da ya kamata. A watan Disambar 2024 cikin mako guda an rasa yara 35 a turmutsutsu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, da mutum 10 a Maitama ta Abuja, duk a wuraren rabon abinci ko kyauta. A azumin shekarar ta 2024 ma mata sun rasu a wajen rabon zakka a Bauchi. Abin da yake haddasa irin wannan sananne ne: a yi shela ba iyaka, jama'a su taru tun kafin lokaci a bayan rufaffiyar ƙofa, sannan a buɗe ƙofa ɗaya ƙarama, kowa yana tsoron kada ya ƙare. Cibiyar mutum 300 ba ta fi ƙarfin wannan ba, musamman in labari ya bazu cewa yau da nama. A ba da kati mai lambobin kwana 1 zuwa 30 ana hudawa kullum, don mai kati ya san rabonsa yana nan ko ya makara. Layin mata daban, na yara daban. Ƙofar shiga daban da ta fita. A zaunar da mutane a bi su da abincin, ya fi a tsayar da su suna turo juna. Kuma ko kusa kada a jefa roba ko leda cikin taro.

Masu aikin

Daren farko har hannu yakan yi yawa, a rasa aikin da za a ba wasu. Zuwa goma ta tsakiya an ragu. A goman ƙarshe ga tahajjud, ga i'itikafi, ga kasuwar sallah da zaman shagon tela, manyan masu bayarwa kuma sun tafi Umra. Sai ka tarar da mata shida da yara uku suna aikin da mutum 20 suka fara. Kuɗin ma haka yake zuwa, da yawa a farko sannan ya ƙafe. Cibiyar da ta fara da nama da lemo a makon farko tana ƙarewa da kunu zalla, alhali mutane sun riga sun saba sun daina neman wata hanya. Gara a fara da 200 a kai har daren sallah da a fara da 400 a tsaya ran 18.

Mai son shiga aikin nan don Allah, ga inda ake buƙatarsa: faskaren itace da jan ruwa da rana tsaka, wankin tukwane bayan isha'i lokacin da kowa ya watse, tsince ledoji da robobi kafin su toshe kwata, da kai abinci lungun da mota ba ta shiga. Wurin miƙa roba kuwa kullum a cike yake, don nan ne ake ɗaukar hoto. Ya kuma ɗauki kwanakin da zai iya cikawa, ko da Litinin da Alhamis ne kawai, a rubuta sunansa, maimakon ya ce kullum yana nan sannan a neme shi a rasa.

Akwai abu biyu da kwamitoci suke jin nauyin faɗa, kuma rashin faɗar ne yake ɓata su. Na ɗaya, matan da suke tsaye a bakin wuta da azumi a bakinsu, da yawansu su ma mabuƙata ne. A yanka musu ladan aiki a fili, a sa shi cikin kasafi. Ba a cewa mai neman na cefane ta yi wata guda kyauta don wani ya samu lada. Na biyu, rabon ma'aikata. Idan masu aiki 20 ne, a dafa na 320, kowa ya ɗauki robarsa a gaban kowa, bayan an sallami na waje. In ba a yi haka ba za a ɗauka dai, sai dai a ɓoye, kuma ba ɗaya-ɗaya ba.

Maganar hoto tana da wuya, domin mai ba da kuɗi yana da gaskiya in ya ce a nuna masa shaida. To a nuna masa buhunan da rasit, da tukwane a kan wuta, da robobi a jere an ƙirga. Fuskar tsohuwa tana miƙo hannu ba shaida ba ce, kuma ba ta da bakin da za ta ce a'a tunda abincin yana hannun mai ɗaukar. Ayar Suratul Insan da ake yawan rubutawa a allon sanarwar cibiyoyin nan cewa take masu ciyarwar ba sa neman sakayya ko godiya daga wanda suka ciyar, ta Baƙara kuma ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Tsayar da yara a ce su ɗaga roba su yi wa wane addu'a da ƙarfi ana ɗauka a waya, ko liƙa hoton ɗan takara a murfin roba, da wuya a raba shi da abin da aka hana. Haka tsawa da zagi a layi: mai rabo da ya gaji, gara a canja shi da ya ce wa babban mutum "kai matsa can".

Dafaffe ko ɗanye

Ga iyalin da suke da murhu, ɗanyen abinci ya fi amfani. Kwanon shinkafa ɗaya da ɗan mai da wake, uwar gida za ta juya shi ya ciyar da gidan har da sahur, ba kuɗin roba, ba kuɗin itacen cibiya, ba tsoron lalacewa, ba wanda ya gan su. Dafaffe na wanda ba shi da wurin girki ne: almajiri, ɗan dako, matafiyi a tasha, mai jinya, tsohon da yake zaune shi kaɗai. Cibiyoyi da yawa suna dafawa ne don dafaffen ya fi kyan gani, ba don shi ya fi dacewa da mutanen jerinsu ba. Wadda ta rage tukunya ɗaya ta mayar da kuɗin rabon ɗanye duk Juma'a ba ta rage aiki ba.

Kafin mutum ya tura kuɗi ya tambayi buhu nawa ake dafawa a rana da roba nawa ake fitarwa, ya gwada da lissafin da ke sama. Ya tambayi ƙarfe nawa ake sauke tukunya, da ko akwai jerin gidajen da ake kai wa. Asusun kuma ya kasance na ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, ana fitar da abin da ya shiga da wanda ya fita duk mako. In asusun mutum ɗaya ne, ko da amintacce ne, zargi zai same shi kafin sallah. Ya tambayi kuma inda tukwane da kuloli na bara suke, domin cibiyoyi da dama duk shekara sai sun sake saye, na baya sun watse a gidajen 'yan kwamiti.

Yawancinsu ran jajibirin sallah suke rufewa sai baɗi. A ƙauyukan da suke kewaye da Kano kuwa yunwa ta fi tsanani tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba, kuma azumin shekarun nan ba ya faɗowa a wannan lokacin. Kwamitin da ya riga ya mallaki tukwane da jerin sunaye zai iya ware buhu biyu ko uku na gero da wake daga sayayyar Sha'aban, ya zuba waken a jarka ko durom mai rufuwa ruf don kada ƙwari su ci, ya raba su ɗanye ga gidajen da suka fi rauni idan damina ta yi tsakiya.